Dogayen Ƙafafun da Na Yi wa Mota

Na ga abubuwa da yawa a duniyar nan, wasu sun wuce ko ƙurarsu ban riƙe ba. Amma ranar da muka maƙale a cikin rafi tsakanin Sabon Gari da Samaru, ruwa na hawa, yayana na kwance a bayan mota da karyayyiyar cinya, wannan rana kam tana nan daram a zuciyata har ƙasa ta rufe idona. Kuma duk abin da ya same mu a ranar, hannuna ne ya ƙera shi.

Ni maƙeri ne, ɗan maƙeri, jikan maƙeri. Asalinmu wani ɗan ƙauye ne a gefen Samaru, lokacin da Samaru ba ta wuce gonakin dawa da 'yan bukkoki a warwatse ba. Da jirgin ƙasa ya iso Zariya aka fara yanka filaye a Sabon Gari, sai na kwashe uwar maƙera da zugazugaina na koma kusa da tasha. A can aiki ya buɗe mini. Yau a kawo sarƙa, gobe ƙugiyar 'yan dako, jibi wani ƙarfen Turawa da ban ma san sunansa ba, in dube shi in ƙera irinsa. Ina ɗan shekara talatin da wani abu, ga ƙarfi ga baki, har na kai ina faɗa a bainar jama'a cewa in dai ƙarfe ne, ba a yi wanda zai gagare ni ba. Allah Ya yafe mana.

Yayana kuwa dako yake yi a tashar. Ƙato ne na gaske, irin mutanen da in sun tsaya a ƙofar zaure sai ɗakin ya yi duhu. Dilar auduga da mutum biyu ke kokawa da ita, shi kaɗai zai saɓa ya hau katakon da ake jinginawa a bakin wagunun jirgi, ya dire ta a ciki ko nishi babu. Ba shi da yawan magana. Ni ne mai surutun gidanmu, shi sai dai ya dube ni ya yi murmushi.

A wancan zamanin motocin da ke Zariya kaf, yatsun hannu ɗaya sun ishe ka ƙirga su. Ɗaya daga ciki ta wani ɗan kasuwa ce mutumin Ikko, mai sayen fata da gyaɗa, wanda yayana ke yi wa dako. Baƙa ce, mai rufin tamfol, ƙafafunta da sanduna na itace, sai an murɗa wani ƙarfe a hancinta kafin ta tashi. Direbanta wani gajeren mutum ne daga Lakwaja, mai haƙurin tsiya, yana jin Hausa sarai sai dai harshensa ya ɗan karkata. Yadda ɗan barga ke kula da doki haka yake kula da motar nan. In ta yi tari sau ɗaya, sai ya tsaya ya kara kunne.

To, sai yaƙin Turawa ya hana kaya zuwa daga teku. Tayoyin baya suka cinye, aka yi ta faci a kan faci har aka rasa inda za a liƙa wani. Mota ta zauna. A bayan shagon ajiyar kaya kuwa akwai wata babbar mota ta ɗaukar kaya da injinta ya mutu tuntuni, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, amma ƙafafunta na baya lafiya lau, roba kamar sabuwa. Mai motar ya nema aka bar masa su. Matsala biyu ce, sun fi na motarsa tsawo da kusan tafin hannu biyu, ramukan noti kuma ba su zo daidai ba. Aka kira ni. Na duba, na auna da kara, na ce a ba ni kwana goma.

Washegari direban ya same ni a maƙera da 'yar igiya a hannu. Ya naɗa ta a jikin tsohuwar taya ya yanke, ya naɗa wata a jikin babbar ya yanke, ya shimfiɗa su biyun a ƙasa kai da kai. Ta babbar ta zarce da kamu guda har da ɗoriya.

Ya ce, "Maƙeri, duba nan. In inji ya juya ƙafar baya sau ɗaya, daga nan zuwa nan yake kai mota. Yanzu kana so ya kai ta har can a juyi ɗaya. Ƙarfin nan dai nasa ne na jiya, ba ka ƙara masa ko loma ba."

Akwai mutane zaune a bakin maƙera, ni kuma ba na so a koya mini aikina a gaban mutane. Na ce, "Direba, kai tuƙi ka sani, ƙarfe kuwa ka bar wa masu shi. Doki mai dogayen ƙafafu da jaki, wa ke riga wani isa kasuwa?" Aka kwashe da dariya. Ya tattara igiyoyinsa ya sa a aljihu ya tafi.

Kwana tara na yi ina dukan ƙarfe. Na ƙera faifai biyu masu kauri, na huda su ta yadda za su kama gindin ƙaramar mota ta ciki, su kama babbar ƙafa ta waje. Har yau in na tuna aikin nan ina jin daɗinsa, don wallahi ya yi kyau, ko tsinke ba zai shiga tsakani ba. Da aka ɗaura, sai motar ta ɗaga ƙugu, ta yi wani kwarjini. Muka fita gwaji a miƙaƙƙiyar hanyar da ke bin layin dogo. Da farko ta yi nauyin tashi kamar wadda aka tasa daga barci, sai da direban ya daɗe a giyar farko tana gurnani kafin ta kama jikinta. Amma da ta kama, tabɗi! Gudun da ta yi ranar ba ta taɓa yin irinsa ba, ga inji ya yi luf, murya ƙasa-ƙasa. Hular mai motar ta tashi sama yana ta ihun murna. Ni kuwa kaina ya kumbura, na waiwayi direban na ce, "Yaya dai, jakin naka?"

Ya ce, "A fili muke, Maƙeri."

Tsofaffin ƙafafun nan direban bai yar da su ba. Ya cusa wa yagaggun tayoyin busasshiyar ciyawa da tsummoki har suka yi tauri, ya ɗaure su tam da kiri, wato igiyar fatar sa, ya rataye su a bayan motar. Duk inda za shi suna nan. Na yi ta tsokanarsa cewa yana yawo da gawa.

Ba a yi wata biyu ba, cikin tsakiyar damina, da hantsi, sai ga wani ɗan dako a guje ya faɗo maƙera. Katako ya jiƙe, ƙafar yayana ta zame, ya faɗo dila ta bi shi ta danne. Na same shi a ƙasa, cinyarsa ta dama ta lanƙwashe a inda Allah bai yi gaɓa ba. Aka kira likitan Turawa ya duba, ya ce a bar shi a wurinsa ya kwana, in gari ya waye kumburin bai sauka ba, to ceton ransa shi ne a yanke. Ban ce likitan ya yi ƙarya ba, iliminsa ya faɗa. Amma ɗan dako da ƙafa ɗaya, ga mata ga 'ya'ya huɗu, ai an gama da shi.

Yayana ya kamo rigata ya jawo ni kusa. Ya ce, "Kai ni gida wurin baba maɗori. Ƙafan nan da shi zan koma ga Ubangijina."

Maɗorin nan tsoho ne a ƙauyenmu, abokin mahaifinmu, tun daga Giwa ake kawo masa karaya. Sai dai kullum faɗarsa ɗaya ce, a kawo masa karaya da ɗuminta, in ta kwana ta kumbura hannunsa ba ya jin ƙashi. Jaki ba zai ɗauki mutum irin wannan ba, a kafaɗa kuwa sai dare ya raba. Mai motar, Allah Ya saka masa, ya ce a ɗauki mota. Muka cire kujerar baya, muka shimfiɗa ƙyauren ƙofa, mu shida muka ɗaga shi. Kafin mu kwantar da shi ya suma, sai da aka yayyafa masa ruwa.

Muka tashi bayan azahar mu uku, ni da shi da direban. A kanmu rana ce tarwai, amma can ta wajen Shika gabas da yamma sun haɗe, hadari baƙi ƙirin har ƙasa. A fili motar ta yi abin da na yi mata alkawari, tana ta cin hanya, ni kuma a zuciyata ina cewa da tsofaffin ƙafafun ne da yanzu muna baya. Ko a wannan halin ban bar yabon kaina ba.

Akwai wani rafi da ke yanke hanyar yana gangarawa kogin Kubanni. Ba gada a lokacin. Ka gangara, ka bi yashi, ka hau gaɓar can mai tsayi wadda jakuna da shanu suka sassaƙe da kofato. Ruwan ranar ko idon sawu bai rufe ba. Direban ya tsaya a baki ya daɗe yana kallon gaɓar, ya ce ya hau ta ya fi a ƙirga, da lodin fata ma, amma da waɗancan ƙafafun. Na ce ya taka kawai, Allah na nan.

Muka gangara. Yashi ya shanye ɗan gudun da muka zo da shi. Ta kama gaɓa, ta hau kamar tsawon mutum biyu, sai muryar inji ta fara nutsewa, gur, gur, gur, kamar ana shaƙe shi, ya yi shiru. Motar ta silalo da baya ta daki yashi. Yayana ya yi wata ƙara da tun da uwarmu ta haife ni ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tayoyin ba su yi santsi ba. Da sun yi ta juyawa a wuri ɗaya suna watsa laka, da na ce laifin hanya ne. Sun kama ƙasa tsaf, inji ne ya kasa juya su. Na sauka na murɗa ƙarfen hanci ta tashi, na koma baya na sa kafaɗa. Muka hau inda muka hau ɗazu, da ƙyar muka ƙara taku biyu, ta sake mutuwa, na yi tsalle gefe don kada ta bi ta kaina. Lagireto ya fara tururi. Direban ya ce giyar baya ta fi ƙarfi, da akwai wurin juyawa da ya gwada hawa da baya, amma in ya karya kan motar a yashin nan ta nutse ke nan.

Sai na ga ya sunkuya ya ɗebi ruwa a tafin hannu yana dubawa. Mutumin bakin kogi ne, ruwa ba ya yi masa ƙarya. Ruwan da ke fari tas ɗazu ya koma ja, ga kumfa, ga 'yan karare na wucewa. Ya ce, "An yi ruwa a sama. Yana tafe."

Na ce mu ɗauke Yaya mu hau da shi da hannu. Na faɗa ne kawai, don na san mu shida muka ɗaga shi a kan busasshiyar ƙasa ya suma, balle mu biyu a kan gaɓa mai tsayi. Komawa baya ma haka, gaɓar da muka gangaro ba ta fi wannan sauƙi ba. Na tsaya cikin ruwa, ni da na ce ba ƙarfen da zai gagare ni.

Sai na ji muryar yayana daga cikin mota, a hankali, yana cije haƙora.

"Ƙanena."

"Na'am, Yaya."

"In na saɓa dila zan hau katako, ka taɓa ganin na buɗe ƙafa?"

Na ce a'a.

"Gajeren taku nake yi. Kaɗan-kaɗan. In na miƙa ƙafa da nisa, kayan ya fi ƙarfina ke nan. Kai ka ba motan nan dogon ƙafa, ka ce ya hau tudu da kaya. Mayar masa da nasa."

Igiyoyin nan biyu da aka shimfiɗa mini a bakin maƙera suka dawo mini a ido. Abin da direba ya nuna mini da awo na yi masa dariya, shi ne mutumin da bai taɓa riƙe sitiyari ba ya sani da cinyoyinsa. Kunya ta rufe ni har na kasa kallon direban. Shi kuwa tuni ya kwance tsofaffin ƙafafun nan, gawar tasa, daga bayan mota, ya miƙo mini sifana.

Jak ya nutse a yashi, sai da na tono wani faffaɗan dutse na sa a ƙarƙashinsa. Notocin nan ni na ɗaure su da hannuna, na ɗaure su ɗaurin alfahari don kada wani ya ce aikina ya kwance, ga shi yanzu ni suke wa gardama. Na taka sifana da ƙafa, na hau kanta da dukan nauyina. Kafin mu gama ƙafa ɗaya ruwa ya kai ƙwauri. Noti ɗaya ya suɓuce mini ya faɗa ruwa, na yi ta lalube da yatsun ƙafa ina karanta duk abin da ya zo bakina, har Allah Ya sa na taka shi. Muna kan ta biyu ruwa ya kusa gwiwa, yana tura mu, motar na ɗan rawa a kan jak, duk rawar da ta yi sai in ji numfashin yayana ya sarƙe. Babbar tayar da muka cire muka jingina a gefe, ruwa ya ɗauke ta da faifaina na kwana tara a jikinta, ina kallo tana juyawa ta sha kwana. Ban ko bi ta da ido sau biyu ba.

Na murɗa ƙarfen hanci sau uku ba ta tashi ba. A na huɗu ta kama. Na ruga baya zan tura, direban ya daka mini tsawa, karo na farko da na ji ya ɗaga murya.

"Bar turi! Hau ka riƙe masa ƙafa!"

Na ce nauyi zai ƙaru. Ya ce, "Hau, na ce!"

Na hau na rungume cinyar yayana. Abin da ya biyo baya, shekara nawa ke nan, har yau in na ba da labarinsa tsikar jikina tashi take yi. Motar nan da ta kasa hawa da mutum biyu a ciki ina tura ta, ta fizgi kanta daga cikin ruwa da mu uku, a kan tayoyin ciyawa da tsumma. Inji ya ɗaga murya sama yana kuka, amma kukan mai ƙarfi ne, ba irin na ɗazu ba. Ta kama gaɓa. Ta wuce inda muka mutu da farko. Ta wuce na biyu. Ba gudu take ba, mai tafiya da ƙafa ma zai iya jerawa da ita, sai dai ba ta tsaya ba, tana ɗaga mu kaɗan-kaɗan, ina jin kowane juyi a ƙashin bayana. Inji ɗaya, fetur ɗaya, direba ɗaya, gaɓa ɗaya. Tafin hannu biyu kawai aka rage mata. Na ji bakina na ta maimaita Allahu Akbar ban san na fara ba.

Da muka kai sama direban ya tsaya don inji ya huce, muka waiwaya. Ba mu fi minti biyu da fita ba sai ga ruwan ya karyo kwana, ja wur, da rugugi, ɗauke da kututturen itace da dangar wani bawan Allah. Inda muka tsaya ɗazu ya shafe, ɗaya babbar tayar da muka bari a can ko alamarta babu. Direban ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ni kuwa kuka na yi, ba na ɓoyewa.

Sauran hanyar a hankali muka yi ta, inji na ta ihu, gudu babu, ciyawar cikin tayoyin na ta zubewa a hanya. Muka isa kafin la'asar sakaliya. Baba maɗori ya shafa cinyar da man shanu ya rufe ido, ya ce Alhamdulillahi, ƙashi na magana. Ya sa ƙarti huɗu suka danne, ya ja, ya jera karare ya ɗaure. Yana gamawa ruwan sama ya sauko.

Muna fake a zauren tsohon ni da direban, na ce ya yafe mini. Ya ce ba komai, aikin ƙarfen dai ya yi kyau, shi bai taɓa ganin irinsa ba. Sannan ya ɗauki tsinke ya zana mini a ƙasa. Ashe abin da ake kira giya ma wannan hikimar ce, wasu ƙarafa ne masu haƙora a cikin akwati, ƙarami na juya babba. Giyar farko gajeren taku ce, don tashi da hawan tudu. Ta biyu dogon taku, don fili. Taya kuma ita ce giyar ƙarshe, wadda ke taɓa ƙasa. Ya ce, "Da ka ƙara mata tsawo, ka tsawaita mata kowane taku. Ka ba ta gudu, ka karɓe mata tashi da hawa, ko akwatin ba ka buɗe ba." Na daɗe ina kallon zanen nan. Wanda ya ƙera motar yana can bayan teku, bai san rafinmu ba, bai san yayana ba, amma ya auna tsawon ƙafarta daidai da ƙarfin cikinta, ni kuma na zo da masaba na ce na fi shi sani.

Yayana ya yi kwana arba'in a kwance, ya tashi da ƙafarsa. Ta ɗan gajarce da kamar yatsu biyu, yana ɗingishi, amma ya koma tasha ya ƙara shekara goma sha wani abu yana dako, ya aurar da 'ya'yansa duka da guminsa. In mun haɗu da mutane yakan buga cinyar ya ce, "Ni ma an sa mini ƙaramin taya, tudu ba ya ba ni tsoro." Ya faɗa yana kallona, sai kowa ya yi dariya, ni ma in yi, amma ni na san abin da ya kusa faruwa.

Tun daga ranar ban ƙara raina maganar mai aiki da abu ba, ko da ni na ƙera abin. In manomi ya zo ya ce in yi masa garma babba, sai na tambaye shi irin ƙasar gonarsa da ƙarfin bayansa kafin in hura wuta. Na gane duk abin da ka ƙara wa tsawo, akwai inda ka rage masa, kuma ba a fili ake ganin ragin ba, sai an zo gaɓa. Ni na gano nawa ne da ɗan'uwana kwance a baya, ruwa a gwiwata.